Tagar da Mai Guga Ya Toshe

Idan ka kai wa Mai Guga kaya, ba ya tambayar sunanka, ba ya kuma sa wa rigarka alama. Zai ɗaga ta, ya shafa wuyanta da babban yatsa, ya dube ka sau ɗaya, shi ke nan kun gama magana. Ko bayan wata da watanni ka dawo, kafin ka ƙarasa sallama ya miƙa hannu cikin tarin kayan da ke kan kanta ya zaro naka, har ya tuna maka cewa maɓallin hannun hagu ya kusa tsinkewa. Da wannan kan nasa ya ci abinci tun yana saurayi, da shi ya rene 'ya'ya, kuma in za a faɗi gaskiya da shi yake ɗan taƙama. Masu guga sun yi yawa a layin, amma duk sai sun rubuta suna a jikin leda.

Shagon ɗaki ɗaya ne, dogo, matsattse. Ƙofar ƙarfe a gaba tana kallon titi, taga ɗaya a baya tana kallon lungu. A tsakiya akwai tebur da tsohon bargo wanda ya sha ƙuna har ya daina jin zafi, da duwatsun guga biyu na gawayi, sai kurfoti, murhun gawayi, a gindin teburin, wanda ba ya mutuwa daga safe zuwa yamma, don idan garwashin dutse ɗaya ya yi sanyi a nan ake ɗebo wani. Babban ɗansa, wanda ke gyaran firji kuma kowa ke kira Injiniya, ya taɓa sayo masa dutse na lantarki. Yana nan cikin kwalinsa a saman kanta. Mai Guga ya ce ba shi da nauyi, kuma wuta ba ta da alƙawari.

Matarsa kuwa, 'ya'yanta ne suka sa mata Rediyo, a bayan idonta da farko, daga baya har a gabanta. Daga buɗe ido take fara watsa shiri, ba ta rufe tasha sai barci ya yi awon gaba da ita a tsakiyar jimla. Ta san ranar da kowane jika ya fara haƙori, ta san wanda ya ari tsaninsu bai dawo da shi ba. Tun suna da ƙuruciya take kiran mijinta Mai Kari, saboda ranar da ya fara zuwa wurinta karin gugar wandonsa ta fara gani kafin fuskarsa, kuma ta ce har yau wandon ya fi fuskar kyau.

Abu ɗaya Mai Guga yake tsoro a duniya, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Mahaifinsa ya rikice kafin ya rasu. Mutum mai kaifin kai, ya koma tambayar 'ya'yansa ko su waye, yana fita ya ɓata, har aka kai ga sa kwaɗo a ƙofar ɗakinsa. Mai Guga ne ke riƙe da makullin a lokacin, kuma har yanzu yana jin ƙarar kwaɗon nan a kunnensa.

A shekarar da aka rufe babban titi don gyara, sai aka karkato da manyan motoci ta lungun bayan shagon. Ƙura ta riƙa shigowa ta taga tana sauka a kan fararen kaya tun sitaci bai bushe ba. Wanda bai taɓa goge farar riga sau biyu a rana ɗaya ba, ba zai gane irin baƙin cikin nan ba. Mai Guga ya samo katako ya buga wa tagar ƙusoshi, ya cusa tsumma a kowace kafa. Injiniya ya zo ya gani, ya ce aikin bai yi ba, ya kawo robar bakin tsohon firji ya liƙe gefunan tsaf yadda ko iska ba za ta sami hanya ba. A ƙofar gaba suka rataya labulen leda mai kauri. Ƙura ta yi musu bankwana. Uba da ɗa suka tsaya suna yaba aikin hannunsu.

Ba a rana ɗaya abin ya zo ba. Da farko ciwon kai ne da ke sauka wajen tsakar rana, ya haɗiyi ƙwaya ya ci gaba. Sai gajiya wadda barci ba ya wanke ta. Sai ya fara neman kalmomi. Ya taɓa tsayawa a gaban telan da ke maƙwabtaka da shi yana juya hannu, yana cewa a ara masa abin nan, abin nan da ake yi wa wuta, har Tela ya gaji ya miƙo masa mafici yana dariya. Shi ma ya yi dariyar, amma gabansa ya faɗi.

Ranar da abin ya tsorata shi da gaske, wani malamin makaranta ne ya zo karɓar kayansa. Mai Guga ya miƙa hannu cikin kanta kamar kullum, ya shafa wuyan riga, ya jira ta gaya masa ta waye. Shiru. Ya shafa ta biyu, ya shafa ta uku. Ya san fuskar malamin, ya san ya kawo kaya, amma tsakanin fuskar da rigunan sai ka ce an cusa masa auduga a ka. Ya ce wa malamin ya dawo da yamma, bai gama ba. Ƙarya ce, kuma ita ce ta farko da ya yi a bakin aikinsa.

Ƙaryar ba ta yi nisa ba. Ya ba wata mai jinya labulen wani gida, ya ba masu labulen kayan makarantar yaran wani. Magana ta zaga ta kai kunnen Injiniya, shi kuma ya sa uban gaba sai asibiti. Likitar mace ce mai haƙuri. Ta ce abin da yake kwatantawa ba baƙo ba ne, hazo ne ke sauka a ƙwaƙwalwa, kuma ba cuta ɗaya ke kawo shi ba. Ta tambaye shi barci, ta tambaye shi damuwa, da magungunan da yake sha, da ko ya yi wani zazzaɓi mai tsanani kwanan baya. Ta sa aka auna jini ko ya yi ƙasa, aka auna suga, aka duba maƙoƙo. Duk lafiya. Abin haushin ma, a ranar kansa garau yake, don tun jiya da yamma rabonsa da shago. Duk abin da ta ce ya riƙe ya maimaita, ya maimaita har da ƙari. Ta ce ya samu barci isasshe, ya sha ruwa, ya rage shayi mai kauri, ya riƙa taka ƙafa da safe, ya yi aiki ɗaya kafin ya kama wani, sannan ya huta a gida na ɗan lokaci su ga abin da hali zai yi.

Hutun ya yi masa rana, kuma shi ne ya ja masa. Cikin kwanaki kaɗan ciwon kan ya tafi, yana zaune a tsakar gida yana lissafo wa Rediyo kayan da ke kan kanta daga sama har ƙasa. Injiniya ya ga haka ya ce to ai ga magana ta fito, aiki ne ya fi ƙarfin Baba, a rufe shagon kawai. Mai Guga ya ce wanda zai rufe shagon ba a haife shi ba tukuna. Ya koma aiki, kuma kafin mako ya zagayo audugar ta dawo. Wata rana ya ajiye dutse a kan farar rigar wani mai aikin banki ya tsaya yana kallon bango, bai farga ba sai da ƙauri ya cika ɗakin.

Da yammar nan Injiniya ya zo gida da sabon kwaɗo a aljihu. Bai ɗaga murya ba, don yaro ne mai ladabi, kuma ladabin ne ya ƙara wa maganar zafi. Ya durƙusa, ya ajiye kwaɗon a gaban uban.

"Baba, ka yi haƙuri. Yau riga ce. Gobe shagon ne zai kama, kana ciki. In aka ƙara ko sau ɗaya, ni da hannuna zan rufe."

Mai Guga ya kalli kwaɗon. Ba shagon kaɗai ya gani ba, ƙofar ɗakin mahaifinsa ya gani.

Rediyo ce ta shiga tsakani. Ta ce ba a yi wa mutum ritaya da ƙarfi tana raye. Daga gobe ita za ta riƙa binsa shago, ta zauna, ta zama kansa. Shi ya yi guga, ita ta riƙe wane ya kawo me. Ta ce ai dama rabin tunaninsa a wurinta yake ajiye tun da aka yi auren, yanzu sai ta karɓi ragowar. Injiniya ya yarda ba don ya so ba, ya mayar da kwaɗon aljihu.

Kwanakin farko shagon ya koma kasuwa. Ta kafa kujerarta can ciki kusa da kanta, wajen tagar da aka toshe, inda ta ce ya fi rufin asiri. Ta san kowa, ta tambayi kowa gida, ba a ƙara ba wani kayan wani ba. Mai Guga ya ɗan samu sa'ida, ko da yake kan nasa na nan yadda yake. Yana aiki yana jin muryarta a bayansa, ita ce igiyar da yake riƙewa.

Sannu a hankali tashar ta fara yankewa. Takan fara labari ta tsaya a tsakiya ta ce ina ma na tsaya. Takan ɗaure kanta da ɗankwali tamau ta ce rana ce. Wajen la'asar sai ya waiga ya tarar tana gyangyaɗi, ita da ba ta taɓa barcin rana ba. Ya ɗauka baƙin cikin halin da yake ciki ne ya kashe mata baki, abin ya ƙara masa nauyi a zuci. Ita kuma ta ɗauka tsufa ne ya cim mata a daidai lokacin da bai kamata ba, ta ɓoye masa. Ran nan ta miƙa wa wata mata zanen gadon da ba nata ba, matar ta dawo da shi daga bakin ƙofa. Suka kalli juna, mata da miji, kowa ya kawar da kai. Babu wanda ya gaya wa Injiniya.

Ranar da abin ya faru, hadari ya haɗo tun hantsi. Akwai tarin fararen mayafan tebur na wani gidan abinci da za a zo karɓa da yamma, kuma Mai Guga ya san idan ya saɓa, labari zai kai inda kwaɗo yake. Ruwa ya sauko da iska, yana kaɗa labulen leda yana fesowa kan tsabtatattun kaya. Ya ja ƙofar ƙarfen ya rufe, ya kunna fitila. Don ya yi sauri ya ƙara gawayi a kurfoti, ya cika duwatsun biyu, ya fifita har garwashi ya yi ja.

Ya goge na farko, ya goge na biyu. Kansa na sarawa kamar ana buga ƙusa, cikinsa na tashi. Ya ji Rediyo ta ce wani abu game da ruwan sha, ya ce to, bai motsa ba. Can ya ji wani abu ya faɗi a bayansa. Ya waiga. Tana ƙasa a gefen kujera, kanta jingine da kantar kaya, ɗankwalin ya zame, hannunta ɗaya a buɗe.

Ya tsaya yana kallonta. Ya san wannan ba daidai ba ne. Ya san akwai abin da ake yi idan mutum ya ga matarsa a ƙasa, abu ne mai sauƙi, kowa ya san shi. Ya neme shi a kansa bai same shi ba. Ya buɗe baki zai kira ta, sunan ma ya ƙi zuwa. Ƙafafunsa suka yi nauyi, wani tunani mai daɗi ya zo masa cewa barci take yi, shi ma bari ya ɗan zauna kusa da ita har ruwan ya tsagaita. Ya dafa tebur, gwiwoyinsa suka fara lanƙwashewa.

Sai ƙauri ya bugi hancinsa. Dutsen da ya bari a kan mayafin ya fara cin yadi.

Kan ya tafi, amma hannun bai tafi ba. Tun yana yaron shago aka koya masa da bulala cewa dutsen da ya ƙona kaya ya yi zafi da yawa, a ɗauke shi a fita da shi waje a rage masa wuta. Hannun ya ɗauki dutsen da kansa, ƙafafun suka bi hannun. Ya yi tangaɗi ya bugi tebur, ya bi bango, ya kai ƙofa. Sakatar ta ƙi, ya sake ja, ta ƙi, ya sa kafaɗa ya danna da duk abin da ya rage masa. Ƙofar ta wage, ya faɗi a kan gwiwoyinsa cikin ruwa, dutsen ya kife garwashi na ƙara a cikin kwata.

Iska mai sanyi ta shiga ƙirjinsa. Ya shaƙa, ya yi amai, ya sake shaƙa. Bai san tsawon lokacin da ya yi a durƙushe ba, amma a hankali wani abu ya ɗan yaye, kuma abin da ya fara dawowa shi ne hannun nan nata a buɗe. Ya rarrafa ya koma ciki. Ya kama ta ta hammata yana ja, mace mai jiki, shi kuma ba ƙarfi, yana ja yana faɗuwa, har ya fito da kanta da kafaɗunta cikin ruwan sama. A nan Tela ya hango su daga rumfarsa, ya fito a guje yana kiran jama'a.

A asibiti aka sa musu abin shaƙar iska, gado kusa da gado. Likitar nan ce dai. Da ta ga su biyu da ciwo iri ɗaya daga ɗaki ɗaya, tambaya biyu kawai ta yi: me suke ƙonawa a shagon, kuma ta ina iska ke fita. Mai Guga ya amsa ta farko. Da aka zo ta biyun, sai ya juya ya kalli Injiniya da ke tsaye a ƙarshen gadon uwarsa.

Ta yi musu bayani ba tare da faɗa ba. Gawayi idan yana ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iska da ba a gani, ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi kai wa ƙwaƙwalwa abin da take buƙata. Kaɗan-kaɗan kullum, sai ciwon kai da mantuwa da wannan hazon. Da yawa a lokaci ɗaya, sai mutum ya kwanta bai tashi ba. Idan aka bar wurin tana fita daga jini, shi ya sa ranar da ya zo awo ba a ga komai ba, shi ya sa kuma hutu ya warkar da shi.

"To ba irin na mahaifina ba ne?" Mai Guga ya tambaya.

"Ban ga alamar haka ba, Baba. Iskar ɗakinka ce."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Daɗi ya zo masa, kunya ta biyo baya ta danne daɗin, don a gadon da ke gefensa matar da ta zo ta zama kansa tana kwance ba ta ce komai ba tukuna. Injiniya, wanda kullum yake gargaɗin mutane kada su kwana da janareta a ɗaki, ya fita baranda ya daɗe bai dawo ba.

Mai Guga ya warware cikin 'yan makonni. Rediyo ce ta ja lokaci. Ta tashi, tana ci tana sha, ta san kowa, amma maganar ta koma ɗigo-ɗigo. Likita ta ce ita ta fi shaƙa don tana zaune can ciki, kuma irin wannan yakan ɗauki watanni. Ta ce a bar ta ta yi barci sosai, a riƙa fita da ita tana taka ƙafa, a yi mata magana ɗaya a lokaci ɗaya, kuma idan tana neman kalma kada a yi saurin cika mata. Wannan na ƙarshen ya fi komai yi wa Mai Guga wuya. Kullum da safe yakan riƙe hannunta su zaga layi, tana nuna abu tana juya yatsu, shi kuma yana cije leɓe yana jira. Gidan ya yi tsit har jikoki suna tafiya da sanɗa. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, tun ranar ruwan nan ba ta kira shi da sunan da ta sa masa ba. Sai dai ta ce kai, ko ta taɓa hannunsa.

Kafin a sake buɗe shagon, uba da ɗa suka je da guduma. Suka ɓamɓare katakon, suka zare tsummokaran, Injiniya ya yage robar firjin ya jefa a kwata. Aka cire labulen leda, aka fitar da kurfoti waje ƙarƙashin rumfa, aka sauko da dutsen lantarki daga kwalinsa don ranar da wuta ta cika alƙawari. Da suka gama, Injiniya ya sa hannu a aljihu ya fito da kwaɗon nan. Mai Guga ya bi kwaɗon da ido. Yaron ya wuce shi, ya tura murfin tagar ya buɗe har ƙarshe, ya haɗa shi da ƙarfen bango ya datse. Makullin kuma ya kai wa uwarsa, ta ƙulle a bakin zanenta.

Yanzu kujerarta a bakin ƙofa take, inda iska ke wucewa. Malamin makarantar nan ya dawo da kaya, kuma ranar da ya zo karɓa hannun Mai Guga ya tafi kai tsaye kan rigarsa tun bai ƙarasa sallama ba. Gyaran titi dai har yau ba a gama ba.

Wata rana da hantsi ya gama goge wata farar riga, ya ɗaga ta yana duba karin hannun. Sai wata babbar mota ta bi ta lungu. Ƙura ta shigo ta taga a hankali, ta sauka a kan rigar, a kan kanta, a kan aikin safiyar gaba ɗaya. Ya tsaya da rigar a hannu. Ya kalli tagar, ya kalli wani tsohon zanen gado da ke rataye a ƙusa, wanda zai rufe ta daidai. Bai ma san ya taka ƙafa ɗaya wajen ba.

"Mai Kari."

Ya tsaya cak, bai waiga ba, don kada ta ga idonsa.

"In ka taɓa tagar nan," ta ce, ta ɗan tsaya tana nema, shi kuma ya jira, "da dutsen nan zan goge ka."

Ya ce to. Ya ɗauki rigar ya fita da ita wajen famfo, ya sake jiƙa ta daga farko.